Ana so a buɗe kamfani da sunan ƙanina a Jamus: dabarar haraji ce ko zamba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina harkar kaya tsakanin Kano da Maraɗi. Ƙanina da ke zaune a Jamus ya kira ni yana murna, wai wasu abokansa za su buɗe kamfani da sunansa, su riƙa sayo kayan lantarki daga Holan suna sayarwa a Jamus. Shi nasa sa hannu ne kawai, duk wata a ba shi Yuro dubu biyu. Sun ce masa wata kafa ce dokar harajin Turai ta bari, ba laifi ba ne. Ni dai na ga kamar irin tiranzit ɗin da muka saba da shi ne a nan. Mece ce gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka gama karanta wannan amsa, ɗauki waya ka ce wa yaron nan kada ya sa hannu a kan komai. Na daɗe ina aikin akanta, rabin aikin kuma a kan takardun masu shigo da kaya na yi shi. Abin da ka bayyana ya yi daidai da wata tsohuwar zamba da hukumomin harajin Turai suka fi shekara talatin suna fama da ita, kuma gurbin da aka ware wa ƙaninka a cikinta shi ne gurbin wanda ake kamawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai ka fahimci yadda harajin VAT yake tafiya sannan za ka ga inda ramin yake. Faransa ce ta fara shi a 1954, mutumin da ya tsara shi kuwa wani jami'in haraji ne, Maurice Lauré. Najeriya ta kafa nata da dokar soja ta 1993, aka fara karɓa a Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, ya koma kashi 7.5 a Fabrairun 2020. A Nijar, inda kuke ce masa TVA, kashi 19 ne, kuma Jamus ma kashi 19 take karɓa. Hikimar harajin ita ce gwamnati ta mayar da kowane ɗan kasuwa mai karɓar haraji a madadinta. In ka sayar, ka ɗora harajin a kan mai saye. In ka saya, an ɗora maka. Lokacin biya sai ka cire wanda aka ɗora maka daga wanda ka karɓa, ka miƙa wa hukuma ragowar. Wato kuɗin da ke hannunka tsakanin ranar ciniki da ranar biya amana ce, ba naka ba ne. Akwai kuma ƙa'ida ta biyu: kayan da za su fita daga ƙasa ba a ɗora musu harajin, domin a inda za a yi amfani da kaya a can ake biya. Saboda haka mai fitar da kaya yana da haƙƙin gwamnati ta maido masa da duk VAT ɗin da ya biya lokacin da ya saye su. Ka riƙe wannan maidowar, a kanta duk wasan ya ginu.

Ranar 1 ga Janairun 1993 ƙasashen Tarayyar Turai suka kwashe shingayen kwastam da ke tsakaninsu. Kafin nan, in tirela ta tsallako daga Holan zuwa Jamus, a bakin iyaka ake lissafin harajin shigowa. Da aka cire shingen sai aka rasa wurin karɓa, ƙasashen kuma ba su yarda ɗaya ta riƙa karɓar wa ɗaya haraji ba. Sai suka yi wani tsari da suka kira na wucin gadi, wanda aka yi niyyar sauyawa cikin shekara huɗu: kamfani mai rajista ya sayi kaya daga wata ƙasar Tarayyar ba tare da ya biya VAT ba, in ya kawo gida ya rubuta a lissafinsa. Yau sama da shekara talatin ke nan, na wucin gadin nan shi ne ke aiki. To ka ga mutum zai iya sayen kaya babu haraji, ya sayar da haraji, kuɗin gwamnati su zauna a asusunsa wata guda ko fiye kafin a tambaye shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bari in yi maka lissafin da adadi na misali, tunda kai ɗan kasuwa ne. Kamfanin farko yana Holan, ya sayar wa kamfani na biyu a Jamus kayan Yuro 100,000, babu VAT. Na biyun nan, shi ne wanda za a buɗe da sunan ƙaninka. Sai ya sayar wa na uku a cikin Jamus a kan 95,000, ya ɗora kashi 19, wato 18,050, ya karɓi 113,050. Kowa ya duba zai ce ya faɗi da 5,000. Amma tunda ba shi da niyyar kai wa gwamnati 18,050 ɗin, ribarsa ta zama 13,050. Na uku ya sayar wa na huɗu a kan 96,000 da harajin 18,240, ya cire wanda ya biya, ya miƙa wa hukuma Yuro 190 cif, takardunsa fes. Na huɗu ya fitar da kayan zuwa Holan, sau da yawa ga kamfanin farkon nan dai, ya je ofishin haraji ya ce a maido masa da 18,240. Gwamnati ta karɓi 190, ta fitar da 18,240. Kayan kuwa sun koma inda suka fito, gobe su sake tasowa. Shi ya sa Turawa suka laƙaba wa zambar sunan lilon yara mai zagayawa. Kwali ɗaya na iya zagayawa sau da dama, har ma akwai inda babu kwalin sam, rasit ne kaɗai ke yawo.

Bayan 'yan watanni, in hukuma ta ga kamfani na biyu ya yi cinikin miliyoyi bai biya komai ba, sai ta aika masa takarda. Ofis babu kowa, asusun banki wayam, kuɗin sun daɗe da tsallakawa wata nahiyar. Abin da ya rage shi ne suna guda a rajistar kamfanoni, da sa hannun da aka yi a gaban mai hatimce takardu. Masu shirya abin sun san haka tun farko, shi ya sa suke neman ɗalibi, ko baƙo mai ƙaramin ƙarfi, ko wanda bai iya yaren ƙasar sosai ba. Yuro dubu biyun nan kuɗin hayar sunansa ne. Ka tambayi kanka, wane ɗan kasuwa ne a Kwari ko Singa zai ce maka ga shago, ga jari, ga masu saye, kai dai ara mini sunanka?

Kayan da ake zaɓa kullum iri ɗaya ne: ƙanana, masu tsada, masu saurin shiga. Ingila ta sha wuya da wayoyin hannu da ƙwaƙwalwar kwamfuta har sai da ta sauya doka a Yunin 2007, ta ce a cinikin waɗannan kaya tsakanin kamfani da kamfani, mai saye ne zai lissafa harajin da kansa, mai sayarwa ba zai taɓa kuɗin ba. In kuɗin bai shiga hannunka ba, da me za ka gudu? Maganin ya yi aiki a kan waya, sai ɓarayin suka koma wani kayan. Mafi ban mamaki shi ne abin da ya faru a 2008 da 2009, lokacin da suka gano takardun izinin fitar da hayaƙin masana'antu, waɗanda ake saye da sayarwa a kasuwar BlueNext ta birnin Paris. Wannan kaya ne da ba ya buƙatar sito, ba ya buƙatar direba, lamba ce kawai a kwamfuta, zagaye guda ba ya wuce mintoci. Rundunar 'yan sandan Turai, Europol, ta ƙiyasta asarar da kimanin Yuro biliyan 5, Faransa kaɗai ta yi asarar kusan biliyan 1.6 kafin ta cire VAT daga takardun a Yunin 2009. A Jamus har wasu ma'aikatan Deutsche Bank kotun Frankfurt ta samu da laifi a 2016 kan wannan harka. Na kawo maka wannan ne don ka san masu binciken haraji a Jamus ba yau suka fara jin labarin "kayan lantarki daga Holan" ba. Tun 2021 kuma Tarayyar tana da ofishin mai gabatar da ƙara nata na kanta da ke aiki, wanda a 2022 ya bankaɗo wata ƙungiya da ya ƙiyasta ɓarnarta da Yuro biliyan 2.2, a kan kayan lantarki ɗin dai.

Amma maganar abokansa cewa akwai kafa a doka ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, akwai kafofi na gaske, kuma ya kamata ka ga yadda ta gaske take don ka bambance. A Ingila an taɓa yin ƙa'ida cewa ƙaramin kaya da bai kai fam 18 ba, in ya shigo daga wajen Tarayyar Turai, ba a karɓar masa VAT, don aikin karɓar ya fi kuɗin tsada. Tsibiran Jersey da Guernsey suna nan kusa, amma a lissafin VAT a waje suke. Sai masu sayar da faifan waƙa da na fim suka kafa sito a can, su kai kaya da yawa, su riƙa turo wa masu saye ɗaya-ɗaya ta gidan waya. Masu shaguna a cikin gari suka yi ta kuka, don ana karya musu farashi. Duk da haka, kayan da gaske sun je tsibirin, da gaske sun dawo, farashin da aka rubuta shi ne aka biya. Gwamnati ta toshe kafar a Afrilun 2012, masu yi suka naɗe tabarmarsu. Tarayyar Turai ma ta soke irin wannan rangwame na Yuro 22 a Yulin 2021, bayan an cika ta da fakiti daga Asiya da ake rubuta musu ƙaramin farashi na ƙarya. Ka ga nan kuma dabara ta riga ta rikiɗe ta zama zamba. Amurka ba ta da VAT, harajin ciniki na jihohi take da shi, kuma ita ma ta daɗe da tata kafar: mai sayarwa daga wata jiha ba ya karɓar haraji in ba shi da shago ko sito a jihar mai saye, har sai da Kotun Ƙoli ta sauya hukunci a 2018 a shari'ar jihar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair.

Ni ma'aunina guda ne, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Ka ɗauki takardun cinikin ka shimfiɗa su a gaban jami'in haraji, ka faɗa masa duk abin da ya faru daga farko har ƙarshe, ba ka ɓoye komai ba. In ribar ta tsira, ko da jami'in ya ciji yatsa, wannan dabara ce. In ribar ba ta samuwa sai an yi ƙarya a kan wane ne mai kamfanin, ko ina kayan suka je, ko nawa aka saye su, ko kuma sai wani ya gudu da amanar da ya karɓa, to sunanta zamba, kowane yare aka faɗa. A harkar ƙaninka, ƙarya ta farko ita ce shi kansa: takarda ta ce shi ne shugaba, alhali bai san ko launin kwalin ba.

Yanzu ga tiranzit ɗinku. Ka yi gaskiya da ka ga kama, uwarsu ɗaya, amma ba tagwaye ba ne. Nijar ba ta da teku, don haka kayanta sun saba sauka a Kwatano ko Lome su wuce a matsayin masu wucewa, Benin ko Togo ba su karɓi cikakken kuɗin fito ba, sai kayan sun isa inda aka rubuta. Wannan halas ne, duk duniya ana yi. Matsalar tana tasowa ne ta hanya biyu. Ta farko, a rubuta Nijar a takarda amma a sauke kayan a hanya, a sami wanda zai buga hatimin cewa sun isa. Wannan ƙanwar waccan zambar ce ta Turai, fitar da kaya a takarda kawai. Saboda ita ne ECOWAS ta ƙaddamar da tsarin SIGMAT a 2019, don kwamfutar kwastam ta wannan ƙasa ta riƙa sanar da ta waccan cewa ga mota ta taso. Ta biyu ita ce wadda ka fi sani: kayan su isa Maraɗi ko Ƙonni ko Gaya lafiya lau, a biya wa duwan, wato kwastam na Nijar, harajin sake fitarwa, a karɓi rasit, sannan da dare su bi ta daji su faɗo Jibiya ko Illela ko Kamba. A gefen Nijar ciniki ne mai rasit da baitulmali ke amfana da shi. Taku kaɗan a gefen Najeriya sunansa fasa-ƙwauri. Buhu ɗaya ne, direba ɗaya ne, sunan ne ya sauya a tsakiyar hanya.

Abin da ke ciyar da wannan kuwa tazarar haraji ce. A 2013 Najeriya ta kai kuɗin fiton shinkafa kashi 110 cikin ɗari, maƙwabta kuma suna karɓar abin da bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta. Nan da nan Benin, ƙasar da yawan mutanenta bai kai na Legas ba, ta shiga sahun manyan masu sayen shinkafar Tailan da Indiya, har da turararriya wadda 'yan Najeriya suka fi so. Aka hana shigo da shinkafa ta kan tudu a 2016, aka hana motoci a Janairun 2017, aka rufe iyakokin ɗungurungum daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Kai ganau ne, ka san shinkafar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba, tsada ta ƙara, masu babura da masu shingen hanya suka samu. Ra'ayina, wanda ba kowa ke so ba a cikin abokan aikina, shi ne muddin tazarar nan tana nan, kwastam ko dubu nawa aka jibge ba za su ɗinke ta ba. Fetur ma ya nuna haka ta ɗaya gefen: shekara da shekaru yana tsiyaya zuwa Benin da Nijar da Kamaru, abin da ya rage masa gudu shi ne cire tallafi a Mayun 2023.

Ga inda suka rabu. Mai fasa-ƙwauri ya hana gwamnati abin da ya kamata ya shiga baitulmali. Mai lilo kuwa hannu yake zurawa ya ɗebo abin da ya riga ya shiga, kuɗin da mai sayen burodi da mai sayen takalmi suka biya. Nahiyarmu ma ta ga irinsa. A Kenya, farkon shekarun 1990, gwamnati na ba masu fitar da kaya tukuici don su kawo kuɗin waje, sai kamfanin Goldenberg ya riƙa karɓar kashi 35 cikin ɗari a kan zinariya da lu'ulu'un da ya ce ya fitar, alhali Kenya ba ta haƙar lu'ulu'u, zinariyarta kuma kaɗan ce. Asarar ta kai ɗaruruwan miliyoyin dala. A Afirka ta Kudu kuma sai da aka mayar da lissafin VAT na zinariya kan mai saye a Yulin 2022, irin maganin Ingila, saboda rasit na bogi da ake neman maidowa da su. In ka ce me ya sa ba a cika jin wannan a Najeriya ba, dalili biyu nake gani: kashi 7.5 bai kai ya biya wahalar ba, sannan duk wanda ya taɓa bin hukuma bashin maidowa ya san ba a ba da shi da sauƙi. Abin dariya, jinkirin da ke cutar masu fitar da kaya na gaskiya shi ne ya zame katanga. Namu salon daban ne: a karɓi VAT a hannun mai saye a ƙi kaiwa, ko a rage farashi a takardar shigo da kaya, ko a sauke kayan Asiya a maƙwabta a sake musu kwali a ce kayan yankin ne don su shigo babu kuɗin fito.

Akwai wani gargaɗi da ya shafe ka kai kanka. Na taɓa duba littattafan wani mai shigo da kaya da ya yi shekara yana sayen haja a hannun wani dillali a farashin da ya gaza na masana'antar da ta ƙera ta. Da na tambaye shi bai yi mamaki ba, sai ya ce shi dai ya ga araha. Ranar da aka rufe masa sito, dillalin ya kashe waya. A Turai wannan uzuri ya mutu tun 2006, lokacin da kotun Tarayyar ta yanke a shari'ar Kittel cewa wanda ya sani, ko ya kamata a ce ya sani, cewa cinikinsa na da alaƙa da zamba, ya rasa haƙƙin cire harajin da ya biya. Wato ɓarawon zaune ba zai ce bai ga an sata ba. Kamfani na uku da na huɗu a lissafinmu ma ba su tsira ba ke nan, balle na biyu. Alamomin kuwa ba ɓoyayyu ba ne: kaya ƙasa da farashin kamfani, sabon mai sayarwa da ba shi da sito, a kawo maka mai sayarwa da mai saye a rana ɗaya da riba tsayayya, a ce ka tura kuɗi asusun wani daban a wata ƙasa.

Dangane da ƙaninka, dokar Jamus ba ta wasa da wannan. Ƙin biyan haraji da gangan na jawo ɗaurin da ya kai shekara 5, in laifin babba ne ko na ƙungiya ya kai 10. Shugaban kamfani kuma ana iya bin sa bashin harajin a aljihunsa, ba a tsaya kan dukiyar kamfani ba, kuma cewa "suna kawai na ara" ba ya wanke shi, don doka ta ɗora wa wanda ya karɓi muƙamin nauyin sanin abin da ake yi da sunansa. A lissafinmu na sama, zagaye ashirin kacal ya haura Yuro 360,000. Ga shi baƙo, hukuncin kotu na iya taɓa takardar zamansa.

In bai sa hannu ba, ya janye cikin ruwan sanyi, kada ya tsaya gardama da su, kuma kada ya bar musu hoton fasfo ko katin zama ko wata takarda mai adireshinsa. In sun riga sun karɓa, ya duba rajistar kamfanoni ta Jamus, wadda kowa ke iya bincikawa a intanet, ya tabbatar ba a saka sunansa ba. In kuwa ya riga ya sa hannu, ko an buɗe asusun banki da sunansa, to kada ya goge saƙo ko ɗaya a wayarsa, kada ya ƙara karɓar ko sisi, ya nemi lauya masanin laifukan haraji a wannan makon, wanda shi ya samo da kansa, ba wanda abokan suka nuna masa ba. Dokarsu ta tanadi sassauci ga wanda ya kai kansa ya bayyana komai kafin a gano, amma sharuɗɗanta masu tsauri ne, kuma ƙofar tana rufewa da zarar bincike ya fara. Ka tambaye shi ranar da ya fara ba su takardunsa, lauyan zai fara da wannan tambayar.